HANYAR DA BA A BINTA DA YARO BA TA BUƊE BA TUKUNA

Ya ku ƴan kasuwa masu karanta wannan shafi a rumfunan Dan Isa da Birnin Konni da Matamai da Gaya, da ƴan'uwanmu na Jibiya da Illela da Mai'aduwa waɗanda jaridar kan faɗa hannunsu ranar kasuwa. Mun saba kawo muku maganar farashin gero da wake da canjin naira da sefa. Yau kam sai ku yi mana uzuri, za mu kai ku nesa, can tsakiyar Bahar Rum, amma in kun yi haƙuri za ku ga a bakin shingenku za mu sauke kayan.

Muna da wani ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya daɗe a Faransa yana tuƙin babbar mota, har ya samu takardar zama ɗan ƙasa. A hutun lakkol na watan Oktoba ya ɗauki maiɗakinsa da ƴarsu mai shekara huɗu suka tafi tsibirin Ƙubrus, wanda masu Faransanci ke kira Shipir, suka yi hayar mota suka kewaye shi cikin kwana tara. Kowane dare yakan turo mana saƙon murya ta WhatsApp, mu kuma da izininsa muka sa wasu daga ciki a shirinmu na yamma a gidan rediyo. Masu saurare suka yi ta bugo waya. Wasu suka ce kuɗi ne suka yi wa yaron yawa. Wasu suka ce yawon Nasara ne ya koya. Amma wani dattijo mai fataucin tufafi ya faɗi maganar da ta hana mu barci. Ya ce: "Malam, shekara ashirin da biyar ina bin hanyar Katsina, na san kowane rami a kanta, amma ban taɓa ɗaukar ɗana ko ɗaya a mota na kai shi ya ga ƙanwata da ke aure can ba. Hanyar ba ta yaro ba ce."

To, wannan ita ce maganarmu ta yau. A ganinmu ba yawan tireloli ake ƙirgawa a ce iyaka ta buɗe ba. Ranar da magidanci zai iya sa matarsa da ƙaramin ɗansa a mota, ya ƙetare, ya yi zumunci ya dawo, ba tare da an wulaƙanta shi a gaban iyalinsa ba, ran nan ne hanya ta buɗe.

TSIBIRI ƊAYA, HUKUMA BIYU

Ƙubrus shi ne tsibiri na uku a girma a Bahar Rum, bayan Sisiliya da Sardiniya. Faɗin ƙasarsa murabba'in kilomita 9,251, tsawonsa kuwa daga wannan baki zuwa wancan kusan tafiyar Maradi zuwa Damagaram ce. Girkawa Kirista su ne mafi rinjaye, sai Turkawa Musulmi. Ingila ta mulke shi daga 1878, ya samu ƴancin kai ranar 16 ga Agusta 1960, wato kwana 13 bayan namu, kuma abin sha'awa, ranar 1 ga Oktoba suke bikin ƴancin, rana ɗaya da Najeriya.

Ba a daɗe ba rikici ya ɓarke tsakanin ƙabilun biyu. A ƙarshen Disamba 1963 wani janar na Ingila mai suna Peter Young ya ɗauki koren fensir ya ja layi a kan taswirar Nikosiya, babban birnin ƙasar, don raba masu faɗa. Shi ya sa har yau ake ce wa iyakar Koren Layi. A Yulin 1974 aka yi juyin mulki da goyon bayan sojojin da ke mulkin Girka, bayan kwana biyar Turkiyya ta sauke dakarunta, ta kama fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsibirin. Girkawa sama da 150,000 suka bar gidajensu a arewa suka gudu kudu, dubun dubatar Turkawa suka bar kudu suka koma arewa. A 1983 arewa ta ayyana kanta ƙasa, amma ban da Turkiyya babu wanda ya amince da ita. Tsakaninsu akwai wani zirin fili mai tsawon kimanin kilomita 180 wanda sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya ke gadi. Kudu na kashe yuro, arewa na kashe lirar Turkiyya.

Ku riƙe wannan a zuciya: mutanen nan sun zubar da jinin juna, hukumominsu ba su yarda da halaccin juna ba, kuma har yanzu akwai dubun dubatar sojojin Turkiyya a arewa. A cikin wannan hali ne ƙanen namu ya kewaya da ƴar shekara huɗu.

YADDA TAFIYAR TA KASANCE

A Larnaka suka sauka, a ɓangaren kudu. Abu na farko da kamfanin hayar mota ya tambaya shi ne shekarun yarinyar, domin doka ta hana a ɗauki ƙaramin yaro sai a kujerarsa ta musamman, a ɗaure a baya. Motocin haya a can jar lamba gare su, don sauran direbobi su san baƙo ne su yi masa haƙuri. Ya kuwa buƙaci haƙurin, saboda ta hannun hagu ake tuƙi, gadon Ingila. Ya ce mana: "Yaya, shekara goma sha biyar ina jan tirela, amma ran nan sai da na koma ɗan koyo, duk lokacin da zan sa giya sai hannuna ya bugi ƙofa."

Zangonsu na farko bai fi tafiyar mintuna daga filin jirgi ba, wato masallacin Hala Sultan da ke bakin tafkin gishiri. A nan ne, bisa abin da mutanen wurin suka gada, kabarin Ummu Haram bint Milhan yake, matar Sahabi Ubada ɗan Samit, ƴar'uwar mahaifiyar Anas ɗan Malik. Ta biyo rundunar Musulmi ta teku zamanin Halifa Usman, lokacin Mu'awiya yana gwamnan Sham, ta faɗo daga kan dabbarta Allah ya yi mata rasuwa. Masallacin da ke tsaye yanzu Turkawa suka gina shi a farkon ƙarni na 19. Yana cikin ɓangaren Kirista, kuma a buɗe yake, a share. Iyaye suka yi salla suka yi addu'a, ita kuwa yarinya kyanwoyin da suka cika harabar ne suka ɗauke mata hankali. Da aka fita bakin tafki ta ga ƙasa fari fat, sai ta dangwala ta lasa, ta yamutsa fuska. A da da jakuna ake kwasar gishirin nan ana fatauci da shi, kamar yadda ayarin raƙuma ke ɗauko na Bilma, kafin a daina a shekarun 1980.

Daga nan suka bi babbar hanya ta bakin teku zuwa Limasol, inda babbar tashar jiragen ruwa take, suka wuce Fafos a yamma. Kwalta ce lafiyayya, ba a biyan kuɗin hanya, gudu bai wuce kilomita 100 a sa'a. Ƙanen namu ya ce a kwana huɗun farko babu wanda ya ɗaga masa hannu ya ce tsaya. Ƴan sanda suna nan, na'urar kama masu gudu tana nan, amma wanda bai yi laifi ba ba a ko kallonsa.

Tafiya da yaro kuwa ba tafiyar fatake ba ce. Shi da ya saba cinye kilomita ɗari biyar a zama ɗaya, sai ga shi yana tsayawa kowace sa'a: a yi fitsari, a sha ruwa, a nemo takalmin da ya faɗa ƙarƙashin kujera. Da suka hau duwatsun Turodos, inda ƙololuwar ta kai mita 1,952, wato ta kusa kamo Bagzan namu na Ayar, hanya ta yi ta murɗawa kamar maciji, yarinya ta amayar da duk abin da ta ci. Suka tsaya a wani ƙauye, wata tsohuwa Bagirkiya ta fito da ruwa da tsumma ta taya uwar gyara, ta ba yarinyar inabi, ba tare da sun ji yaren juna ba. Matsalarsu a kudu ita ce abinci, domin naman alade ya yi yawa a gidajen cin abinci, sai suka tsaya ga kifi da wake da burodi da wani cuku da ake soyawa ba ya narkewa, mai kama da wagashin da ake sayarwa a Gaya. Girkawa na ce masa halumi, Turkawa na ce masa helim, kuma a 2021 Tarayyar Turai ta yi masa rajista da sunayen biyu a matsayin kayan tsibirin gaba ɗaya. Masu gaba da juna, amma sun san cuku ɗaya suke sayarwa.

A BAKIN SHINGE

Ran kwana na biyar suka isa Nikosiya. A cikin tsohon gari mutum na tafiya a lungu sai ya tarar an toshe shi da ganguna da buhunan yashi da waya mai ƙaya, bayansu ga gidajen da suka shekara hamsin ba kowa. Yarinya ta ja rigar ubanta ta ce: "Baba, wa ya rufe hanya?" Ya ce manya ne. Ta ce: "To ka ce su buɗe mana."

Shekara 29 wannan hanya tana rufe ruf. Sai ranar 23 ga Afrilu 2003 aka buɗe mashiga ta farko, cikin ƴan kwanaki dubban mutane suka yi ta tururuwa don ganin gidajen da suka baro. Da yawa sun tarar da baƙi a ciki, amma aka tarbe su da gahawa, wasu har aka miƙo musu hotunan aurensu da aka adana duk tsawon shekarun nan. A Afrilun 2008 aka buɗe ta titin Ledira a tsakiyar kasuwa don masu tafiya da ƙafa, zuwa Nuwamban 2018 mashigai sun kai 9.

Ga yadda ƙanen namu ya ƙetare da mota. Tun a Larnaka ya nemi kamfanin da ya yarda a shiga arewa da motarsa, domin ba duka ke yarda ba. A mashigar ƴan sandan kudu suka duba fasfo uku. Ya matsa gaba kaɗan, ƴan sandan arewa suka duba a kwamfuta suka miƙo. Tunda inshorar kudu, wadda mu nan muke ce wa asirans, ba ta aiki a arewa, sai ya taka zuwa wani ɗan ɗaki a gefe, inda aka manna farashi a jikin gilashi: na kwana kaza nawa, na wata nawa. Ya biya, aka ba shi rasit. Har da bin layi bai cika minti arba'in ba, ko da yake an ce masa ranakun hutu layin kan yi tsawo sosai. Ba wanda ya ce ya fito da iyalinsa rana, ba wanda ya tambaye shi na shan ruwa, yarinyar ma barci take yi ba ta san an ƙetare ba.

Ku da kuke ƴan kasuwa, ga abin da zai fi jan hankalinku. Bayan Ƙubrus ta shiga Tarayyar Turai ranar 1 ga Mayu 2004, an kafa doka ta musamman kan wucewar mutane da kaya ta Koren Layi. Kayan da aka yi a arewa suna iya shiga kasuwar kudu in suna ɗauke da takardar ƙungiyar ƴan kasuwar Turkawan tsibirin. Matafiyi kuwa yana da damar shigo da tsarabar da ba ta wuce yuro 260 ba, wato kimanin jika 170 na sefa, ba tare da biyan komai ba. Dabba mai rai ba ta wucewa. Kowa ya san wannan tun kafin ya baro gida. Kada kuma ku ce su ba su san ciniki ba: da lira ta faɗi, Girkawa sun yi ta ƙetarawa arewa suna cika tankin mota saboda man ya fi araha, Turkawa kuma na zuwa kudu aiki don a biya su da yuro. Duk wanda ya san yadda sana'ar ƴan ruwa-ruwa ta juya bayan Najeriya ta janye tallafin mai a 2023 ya san wannan karatu. Inda kuɗi biyu suka haɗu, kasuwa ba ta mutuwa. Bambancin kawai, su a rubuce abin yake.

AREWA DA GARIN DA YA MUTU

A ɓangaren Turkawa na Nikosiya suka ga Buyuk Han, masaukin fatake da aka gina a 1572: ɗakunan ajiye kaya da dabbobi a ƙasa, na kwana a sama, ɗan ƙaramin masallaci a tsakar gida da wurin alwala ƙarƙashinsa. Ƙanen namu ya ce sai ya tuna zangon da kakanninmu ke sauka a hanyar Gwanja. A Kireniya, wadda Turkawa ke kira Girne, suka ga wani jirgin ruwan fatake da ya nutse kimanin shekara 2,300 da suka wuce, aka tsamo shi da kayansa, tuluna kusan 400 da duwatsun niƙa. Ashe fatauci ya girmi kowace iyaka da ake taƙama da ita.

Ranar da yarinya ta fi murna ita ce ta Karfas, wancan dogon hancin ƙasa da ya miƙa gabas. Jakuna ne sake a daji, jikokin waɗanda manoma suka bari, sun koyi tsayawa tsakiyar hanya su cusa kai ta taga sai an ba su karas. Uban ya ce mana cikin dariya: "Yaya, duk tsibirin nan wannan ne kawai shingen da aka karɓi goro a hannuna."

Dariya ta ƙare a Famagusta. Bayan sun yi salla a masallacin Lala Mustafa, wanda tsohuwar majami'a ce kafin Turkawa su ci garin a 1571, suka shiga unguwar Barosha. Kafin 1974 nan ce cibiyar masu yawon buɗe ido ta tsibirin, manyan otal jere a bakin teku. Mazaunanta suka gudu cikin yini ɗaya suna zaton za su dawo bayan mako, soja suka kewaye ta da waya. Sai a Oktoban 2020 aka buɗe wani sashe don masu kallo. Shaguna na nan da sunayen masu su a sama, itatuwa sun tsiro ta cikin tagogi. Yarinya ta tambaya ina masu gidajen suka tafi, uwarta ta rasa amsa. Daga nan suka bi mashigar Deriniya suka koma kudu, suka mayar da mota a Larnaka.

Mu da muka ga kasuwanninmu lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta a Agustan 2019, ba sai an yi mana dogon bayanin Barosha ba. An buɗe Illela da Maigatari a Disamban 2020, Jibiya da Kamba kuwa sai Afrilun 2022. Ba a gama farfaɗowa ba aka sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, har zuwa Maris 2024. Mun ga albasa ta ruɓe a mota, mun ga dillalai sun koma kabu-kabu, mun ga gawa ta kwana a bakin shinge. Barosha ma da rufewar ƴan kwanaki ta fara.

ABIN DA ZA A CE MANA

Za a ce muna yabon ƙasar Turawa. To, bari mu faɗi aibinta. Ƙanen namu ya kewaya ne don yana riƙe da fasfon Faransa. A Famagusta ya haɗu da wani ɗalibi Bakatsine, cikin dubban ƴan Afirka da ke karatu a jami'o'in arewa, suka gaisa da Hausa har yaron ya yi ƙwalla. Ya ce: "Kawu, shekarata uku a nan, daga bakin teku ina hango fitilun kudu, amma ban isa in taka ba." Dalili shi ne hukumar kudu na ɗaukar ɗan Afirkan da ya shigo ta filin jirgin arewa a matsayin wanda ya shigo ba bisa ƙa'ida ba. A 2020 hukumar Najeriya mai kula da ƴan ƙasar mazauna waje ta gargaɗi iyaye kan tura ƴaƴansu karatu can. Saboda haka duk wanda dillali ya ce masa arewacin Ƙubrus ƙofar shiga Turai ce, ya riƙe kuɗinsa. Kuma har yau tsibirin a rabe yake: a ƙuri'ar raba gardama ta Afrilun 2004 Turkawa sun amince da shirin haɗewa, Girkawa suka ƙi. Ba mu ce su aljanna suke ba. Cewa muka yi abokan gaba sun iya rubuta ƙa'idar wucewa sun manna ta a bango, mu ƴan'uwan juna mun kasa.

Mu fa ƙasashenmu biyu ba su taɓa yaƙi da juna ba. Iyakar nan mai kusan kilomita 1,500 Faransa da Ingila suka shata ta a takarda, aka kafa turakunta tsakanin 1906 da 1908. Sarautar Maradi daga Katsina ta taso, Tibiri Gobirawa ne, mutanen Magarya da na Daura dangin juna ne. Can gahawa ɗaya ce, kudu su ce ta Ƙubrus, arewa su ce ta Turkiyya. Nan ma mu ce duwan, ku ce kwastan, mu ce lakkol, ku ce makaranta, amma tuwo ɗaya muke ci, alƙibla ɗaya muke kallo. Tun 1971 ƙasashen biyu ke da hukumar haɗin gwiwa mai mazauni a Yamai. Tun 1979 aka sa hannu kan yarjejeniyar zirga-zirga ta CEDEAO, kuma ko da Nijar ta fice a Janairun 2025, ƙungiyar ta sanar a lokacin cewa za a ci gaba da barin jama'a su wuce da takardunsu. A takarda ba mu rasa komai ba. A hanya kuwa, ku kuka fi mu sanin shinge nawa ne tsakanin Maradi da Katsina, da abin da ake ajiyewa a kowanne.

Za a ce mana tsaro. Gaskiya ne, ba mu raina shi ba. Ƴan bindiga sun addabi Katsina da Zamfara da Sakkwato, sun taɓa Madarunfa da Gidan Runji, tun 2019 dubban ƴan gudun hijira suka shigo jihar Maradi. Ba mu ce kowa ya ɗauki yaro ya bi hanyar da ake tare mutane ba, kuma muna jinjina wa masu kakin da ke kwana a daji don mu yi barci. Amma shingen da ke neman bindiga daban, wanda ke neman jika guda daban. Hasali ma na biyun shi ke kashe na farkon, domin idan kuɗi na wuce da buhun shinkafa ba a duba ba, zai wuce da abin da ya fi shinkafa. Kuma duk lokacin da aka ƙuntata babbar hanya, jama'a kan koma ta daji bisa babura, inda babu mai ganin kowa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Za a kuma ce yawo na masu kuɗi ne. Mu ba yawon bakin teku muke kira gare shi ba. Zumunci muke magana, wanda Hausawa suka ce a ƙafa yake. A Ƙubrus yaran da aka haifa cikin shekaru 29 na rufewa sun tashi ba su san juna ba, har ta kai yawancin matasan ɓangarorin biyu in sun haɗu sai da Turanci suke magana. Mu Hausa ta riƙe mu, amma harshe kaɗai ba ya riƙe dangi. Yaron da bai taɓa kwana a ɗakin gwaggonsa ta Katsina ba, ranar da aka ce masa mutanen can abokan gaba ne, da me zai musa?

ABIN DA MUKE NEMA

Ga hukumomin ɓangarorin biyu, buƙatunmu ba masu tsada ba ne. Na ɗaya, a kafa babban allo a kowace mashiga, da Hausar boko da ajami da Faransanci da Turanci, a rubuta takardun da ake nema da kuɗin da ake biya, kuma duk abin da aka karɓa a ba da rasit. Na biyu, a yanke iyakar tsaraba a sanar, yadda matar da ta ɗauko turmin atamfa biyu da kwanon kuli-kuli za ta kai biki ba za a ɗauke ta kamar mai fasa-ƙwauri ba. Na uku, a ware layin mata da yara da tsofaffi, a yi rumfa, a sa randar ruwa da makewayi. Na huɗu, in siyasa ta sake ɓaci tsakanin manya, Allah ya kiyaye, a bar ƙofar mai ƙafa da majinyaci da mai zuwa jana'iza a buɗe.

Mu ma ƴan kasuwa akwai namu laifin. Da yawanmu ba mu yi wa ƴaƴanmu takardar haihuwa ba, balle katin rigakafi, sai mun isa shinge mu fara roƙo, mai roƙo kuwa ba ya da bakin ƙin biya. Muna cusa mutum goma a motar mutum biyar, mu ɗora yaro a cinya a kujerar gaba, direba na gudu kamar ana korarsa. Wannan ba gwamnati ta sa mu ba. Ƙungiyoyinmu na ƴan kasuwa da na direbobi su ajiye littafi, duk wanda aka karɓi kuɗinsa ba rasit ya rubuta rana da wuri, a ƙarshen wata shugabanni su kai wa magabata, mu kuma a gidan rediyo ƙofarmu a buɗe take. Mutum ɗaya in ya yi magana a shinge motarsa za ta kwana, amma hannu da yawa shi ke ɗaukar jinka.

Daga ƙarshe, ga dattijon da ya bugo mana waya: Alhaji, mun ji ka. In Allah ya kai mu ƙaramar salla kuma hanya ta yi lafiya, ka shirya takardun autanka, ka bar kaya a rumfa, ka fita da sassafe ka kai shi ya gaida gwaggonsa. Ka dawo ka faɗa mana sau nawa aka tsayar da ku da abin da yaron ya tambaye ka a hanya, za mu sa a shiri kowa ya ji. Ƴar ƙanen namu, an ce har yanzu in ta ga ƙofa a rufe sai ta ce a gaya wa manya su buɗe. To, mun gaya musu.

Allah ya ba mu zaman lafiya a ƙasashenmu, ya tsare matafiya, ya sa albarka a kasuwa. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.